Ranar da Rigar Alhaji Ta Zo Biki da Ƙafarta

Kwanan baya jikata ta haihu, na ciro babbar rigata daga ƙasan akwati saboda ranar suna, na ce a kai mini ita wurin masu bugu. 'Ya'yan gidan suka dubi juna. Ɗaya ya ce, "Kaka, wurin guga kake nufi?" Na ce ban ce guga ba, bugu na ce. Aka hau moto, babur ke nan, aka zaga unguwar Pumpumre, aka leƙa bayan babbar kasuwa, aka dawo mini da rigata a leda yadda ta tafi. Wai akwai wani tsoho da yake yi, amma ya bari tun bara, kafaɗa ta ƙi. Ƙarshe dai dutsen guga na lantarki aka bi ta da shi, ta dawo a sanƙame ba wani sheƙi, na sa ta haka nan don ba yadda zan yi. Ranar sunan kowa na murna, ni ma ina murna, amma kunnena yana wani wuri. Sai a lokacin na lura rabona da jin ƙarar bugu a garinmu Garwa har na manta, kuma ban san ranar da ta ɗauke ba.

Ni kuwa cikin wannan ƙarar na tashi. Mahaifina mai bugu ne, rumfarsa tana ƙofar gidanmu, gungumensa na kirya ya yi santsi har kana iya ganin inuwar fuskarka a jiki. Da rana ta ɗan ɗaga zai zauna shi da ƙanensa, kowa da kulkinsa, wannan ya sauke wancan ya ɗaga, har mata a cikin gida su daidaita dakansu da su ba tare da sun sani ba. Daga nesa kana jin guduma a maƙera, kana jin masu kifi suna tahowa daga bakin Binuwai suna tallar giwan ruwa da Fillanci da Hausa a haɗe. Da damina kuma, in kogi ya cika, sai jiragen ruwa su iso ɗaukar auduga da gyaɗa, su yi busar nan tasu mai kauri, mu yara mu zubar da duk abin da ke hannunmu mu ruga kallo. Yanzu in na zauna a ƙofar gida abin da nake ji moto ne, da janareta, da wayar kowa tana kuka a aljihunsa. Ban ce zamanin nan ba shi da daɗinsa ba, ina shan ruwan sanyi kamar kowa. Amma a da ko idonka a rufe kana iya faɗin sana'ar kowane gida da kunne kawai.

Aikina a rumfar shi ne ɗebo ruwa, da jiƙa ƙaro, da riƙe gefen riga in za a ninke, sannan babban aikin, kai wa masu riguna kayansu. Baba zai naɗe kowace riga a farin ƙyalle ya ɗora mini a ka, ya ce, "Rigar mutum mutuncinsa ce. Wanda ya ba ka ita, kansa ya ba ka ajiya." Sau nawa na ji wannan magana, Allah kaɗai ya sani. Mutum ne mai ɗaure fuska, ba don mugunta ba, haka Allah ya yi shi, yana ganin yawan fara'a na waɗanda ba su da aikin yi ne. Ni kuma sai Allah ya jarrabe shi da ni. Kai rigunan nan ya shigar da ni kowane zaure a unguwa, ina durƙushe ina jiran a sallame ni, idona kuwa yana kan manya: yadda wannan ke shafa gemu, yadda wancan ke jan carbi yana saurarar gulma. In na dawo gida sai in yi wa Inna su ɗaya bayan ɗaya a bakin murhu. Takan toshe baki da gefen zane tana dariya har hawaye, in ta huce ta ce, "Kai dai ka bi a hankali, ɗan kuka shi ke ja wa uwarsa jifa."

Cikin waɗanda nake kai wa riguna babu kamar Alhaji. Ba sai na faɗi sunansa ba, don a unguwarmu in an ce Alhaji ba a ƙara komai ba, to shi ake nufi, sauran alhazan sai an haɗa da sana'arsu. Fataucin gyaɗa da fatu yake yi, sitonsa yana bakin ruwa. Gajere ne kakkaura, yana ɗingishi tun wata faɗuwa da ya yi daga kan jaki a hanyar Poli yana saurayi. Kafin ya yi magana sai ya yi gyaran murya sau biyu, ya tattaro hannuwan riga ya aza a kafaɗa, sannan ya ce, "To, madalla. Sai me kuma?" Ko albishir aka kawo masa ko ƙara, da wannan yake farawa. Ba shi da wata sarauta. Muna da jauro, mai unguwa ke nan, amma jauron kansa in magana ta gagare shi sai ya miƙe ya ce a je zauren Alhaji. A can aka raba rigimar masunta da masu wanki a kan mashigin ruwa, a can aka yanke shawarar haƙa rijiyar da har yau ake sha. Shi ya kawo dashen darbejiya ya raba wa kowane gida ɗaya, ya ce a raine ta kamar ɗa. Ranar Juma'a bayan an sauko yakan bi layi yana tambayar matan gida daga bakin zaure, "Yaya ɗan namu, ya sha ruwa yau?" Inuwar da 'yan moto ke wuni a ƙarƙashinta yanzu suna zagin gwamnati, waɗannan 'ya'yan ne.

Abin da ya bambanta shi da sauran masu hali shi ne son masu aikin hannu da masu kiɗa. Matan Filani masu zanen ƙwarya in sun shigo gari zaurensa suke fara sauka, ya sa su baje kayansu, ya ɗauki ƙwarya ɗaya yana juya ta yana tambayar sunan kowane zane kamar ɗalibi. Akwai wani tsohon masaƙi da 'ya'yansa suka watse suka bar shi, Alhaji ya yi masa rumfa a jikin katangarsa, ya turo masa samari uku su koya. Masu goge da masu garaya kuwa ba a magana. Wasu malamai suka yi masa tsegumi a kan haka, ya ce musu, "Garin da ba mai kiɗa ba mai zane, ko hatsi ya cika shi, zango ne, ba gari ba." Kada in mai da shi waliyyi, yana da nasa. Yana son a gaishe shi da kyau, yana son dogon jawabi, kuma in kana neman rauninsa, to riga ce. Mutum ne da zai yafe maka ka taka masa ƙafa, amma ban da gefen riga. Masu kuɗin yanzu in sun ba da buhu ɗaya sai sun tara masu ɗaukar hoto goma. Shi rigarsa kawai yake so a gani, alherin kuwa a manta.

Shi da bai san harafi ɗaya na boko ba, shi ya gina mana lekol, wato makarantar boko, aji biyu na laka da rufin kwano a filin bayan masallaci. A lokacin mutanenmu suna gudun lekol, suna cewa yaro in ya shiga ya fita daga hannu. Malamin da ya samo kuma ya ƙara wa maganar gishiri, don Kirista ne daga duwatsun Mokolo, dogo siriri mai wando da taguwa, muna ce masa Metir. Dattawa suka je zaure suka ce yaya za a ba ɗan dutse 'ya'yan Musulmi. Alhaji ya yi gyaran muryarsa ya ce, "Wanda ya haƙa mana rijiya ma ɗan dutse ne. A cikinku wa ya fasa alwala da ruwanta?" Ya ce da safe allo wurin modibbo, da hantsi lekol wurin Metir, ba wanda zai ci rabon wani. Daga nan ya shiga bin gida gida da ƙafarsa mai ciwo yana roƙon yara, har da mata.

Da ya iso rumfarmu bai tsaya a tsaye ba, ya zauna a tabarma kusa da gungume. Ya ce, "Malam, ɗanka na zo aro." Baba bai ajiye kulki ba sai da ya kai ƙarshen ninkin da yake kai. Sannan ya ce, "Alhaji, kai ba a hana ka abu. Amma ranar da lekol ta koya masa abin kunya, ranar zai dawo gungume, kuma kada ka zo mini biko." Alhaji ya ce, "To, madalla. Na yarda." A gabana aka yi wannan magana, kuma na san Baba, in ya ce ranar, to ranar ce.

Na so lekol, ba zan ɓoye ba. Na so ƙamshin alli, na so ƙarar ruwan sama a kan kwano lokacin da Metir zai daina magana ya bar mu mu yi ta waƙa da Faransanci ba mu san me muke cewa ba. Na so ranar da na fara karanta rubutun da ke jikin buhun gishiri da kaina, na tsaya a tsakiyar kasuwa ina murmushi kamar wanda aka yi wa bushara. Ba raina sana'ar ubana nake ba, ita ta ciyar da ni. Amma duk lokacin da na tuna zan iya komawa in zauna gaban gungumen nan daga safe har yamma har in tsufa, sai in ƙara dagewa da karatu. Wata rana Metir ya shigo aji ya tarar da ni a gaban allo ina yin tafiyarsa, ina miƙa wuya ina cewa "Bon, bon." Na saddaƙar zan sha bulala. Sai ya tsaya ya kalle ni har na gama, ya ce, "Kai kana da aiki a wurina." Daga bakinsa muka fara jin wani abu wai shi teyatur, wasan kwaikwayo ke nan da ake yi a gaban jama'a, ba a bayan idon mutane ba kamar nawa.

A shekara ta uku Alhaji ya ƙara aji ɗaya, aka ce za a yi bikin buɗewa ranar wata Lahadi bayan la'asar, za a gayyato sufurefe, babban jami'in gwamnati na yankinmu, da wakilin Lamido. Metir ya shirya mana wasa a kan wani attajiri marowaci da ya hana ɗansa karatu, ya kori masu neman taimakon rijiya, daga baya wasiƙa ta zo masa ya rasa mai karanta masa, ya yi ta yawo da ita yana jin kunya. Wallahi Metir bai nufi kowa ba, attajirin nasa ma ba shi da suna. Ni aka ba attajirin. Duk kwanakin gwaji da zanen gadon Metir nake yafawa, ina yin murya irin ta kowa da kowa. Ana jibi biki ya dube ni ya ce, "Bon, attajiri ba ya zuwa gaban sufurefe da zanen gado. Ka nemo babbar riga." Ya faɗa ne kawai, yana tsammanin zan roƙi wani kawuna. Ni kuwa da na ji babbar riga, wuri ɗaya na sani a duniya da ake tara su.

Ranar Lahadi da hantsi Baba da ƙanensa suka tafi gaisuwar rashin lafiya. Rigunan da aka gama suna jere a kan shimfiɗa, kowace a naɗe cikin farin ƙyalle, ɗaya bisa ɗaya. Na yi dabara irin ta yaro, na ce wadda take can ƙasa ita ce ba a bukata da wuri, zan sa ta sa'a ɗaya in mayar kafin a lura. Na manta, ko kuma na ƙi tunawa, cewa Baba a ƙasa yake sa riga mafi daraja, don nauyin sauran ya danne ninkinta kuma kada hannu ya yawaita taɓa ta. Na zare ta na ɗora a ka na fita ta tsakiyar unguwa ina gaishe da mutane. Ba wanda ya tambaye ni, don ɗan mai bugu da ƙunshi a ka ba abin kallo ba ne.

Abin da ya faru a bayana sai daga baya na ji. Da azahar Alhaji ya aiko a karɓo masa rigar da zai sa wa biki. Baba ya ɗaga jeri bai gan ta ba. Ya kwance kowane ƙunshi, ya birkice rumfa, ya shiga cikin gida har ƙarƙashin gado. Da ya tabbata babu, bai aika kowa ba, ya tafi da ƙafarsa ya durƙusa a zauren Alhaji ya ce riga ta ɓace a hannunsa. An ce abin ya taɓa Alhaji, amma ya ce, "To, madalla. A ba ni wata." Da ya ga yadda fuskar Baba ta koma, sai ya ƙi barinsa ya tafi gida ya zauna da baƙin ciki, ya ce, "Taso mu je ka ga ɗanka." Haka aka yi Baba, wanda bai taɓa taka filin lekol ba, ya zo biki.

Ni ina bayan zanar da aka kafa mana a matsayin labule. Sai da mai ganga ya fara kiran jama'a sannan na kwance ƙunshin. Rigar tsamiya ce mai aska takwas, wadda Alhaji ya dawo da ita daga Makka a jikinsa, wadda ko makaho a unguwarmu ya san labarinta. Metir, mutumin wando da taguwa, bai san wata riga daga wata ba. Ya shafa ta ya ce, "Tre biyen, sa maza, an fara." Ya zura mini ita da hannunsa ya tura ni waje.

Har gobe ina rantsuwa ban yi niyya ba. Rigar ta fi ni tsawo, tana jan ƙasa, dole na tattaro hannuwanta na aza a kafaɗa. Gefenta ya harɗe mini ƙafa, na ɗan ɗingisa. Ƙamshin turarensa bai fita daga wuyanta ba duk da wanki. Kafin in kai tsakiyar fili jikina ya gama yanke shawara ba tare da ni ba. Na ji maƙogwarona ya yi gyaran murya sau biyu, na ji bakina ya ce, "To, madalla. Sai me kuma?"

Wata mata a can baya ta fara dariya ta haɗiye ta da sauri. Daga nan fili ya yi tsit. Jauro ya sunkuyar da kai yana duban takalminsa. Liman ya tsaya da carbi a hannu. Sufurefe, baƙo ne daga kudu, yana ta waige yana neman wanda zai gaya masa abin da ya faru. A kujerar tsakiya ga Alhaji cikin wata farar riga marar aiki, ya zuba mini ido. Sai na hango Baba a tsaye jikin darbejiya a bayan jama'a. Bai yi motsi ba. A nan na san lekol ta ƙare mini, kuma na san abin da ya fi wannan muni, na tozarta shi a gaban duk waɗanda ke ba shi rigunansu.

Alhaji ya dafa gwiwa ya miƙe. Ya ce, "Kai, matso nan." Na matsa ina jan riga. Ya kama gefenta ya duba aikin, ya ce, "Wannan rigar wace ce?"

Na ce, "Taka ce, Alhaji."

Ya ce, "Tun azahar ake nemanta. Ashe ita ma an gayyace ta, ta taho da ƙafarta." Ba wanda ya yi dariya, don ba a san inda ya dosa ba. Ya ce, "Koma can ka sake tahowa in gani." Na koma na sake tahowa. Ya girgiza kai ya ce, "Ka ɓata mini suna a gaban baƙi. Ƙafar dama kake ja. Ni ta hagu ce jaki ya karya mini."

Gaskiyarsa ce. Duk zamana a zaurensa daga gaba nake kallonsa yana tahowa, sai na ɗauki hagunsa a damata. Ya miƙa wa jauro sandarsa ya ce, "Tsaya ka gani." Dattijon nan, a gaban sufurefe da wakilin Lamido, ya shiga fili ya yi tafiyarsa daga wannan gefe zuwa wancan, yana ƙara mata gishiri, ya tsaya ya yi gyaran murya har sau uku, ya ce mini, "Biyo ni." Muka jera, babba da ƙarami, muna ɗingishi da ƙafar hagu. Ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Mata suka yi ta guɗa, liman ya rufe fuska da rawani kafaɗunsa suna rawa, sufurefe da aka fassara masa ya yi ta buga gwiwa. Alhaji ya koma kujerarsa yana haki ya ce wa Metir, "A ci gaba, ina so in ga ƙarshen wannan marowacin." Muka yi wasan har ƙarshe. Da na kori masu neman taimakon rijiya da muryarsa, shi ya fara cewa, "Allah wadan wannan Alhaji."

Da aka gama ya tashi yin jawabi, kowa ya gyara zama don an san ba gajere ba ne. Ranar kuwa bai ja ba. Ya ce, "Jama'a, laifin yau nawa ne. Na gina ɗaki, na sayi benci, na sayi alli, na manta masu wasa ba sa wasa tsirara. Wannan riga daga yau ta lekol ce." Ya nuna inda Baba yake ya ce, "Wancan bawan Allah, tun ina da riga ɗaya yake buga mini ita, ko zare bai taɓa ɓata ba. Yau da ya zaci ta ɓata, da ƙafarsa ya zo ya gaya mini, bai ɓoye ba. Wanda ke neman inda zai ajiye mutuncinsa, ga wuri." Sannan ya juyo gare ni ya rage murya, amma na kusa sun ji. Ya ce, "Ni ƙafa kawai ka ɓata mini, kuma mun gyara. Wanda ka yi wa laifi ga shi can. Shari'arku ba a zaurena take ba, na yi alkawari ba zan je biko ba."

Daga wannan rana wasan ya zama na kowace shekara. Alhaji ya sa aka yi rumfa ta musamman da dakali a filin, aka ajiye akwatin kayan wasa, sauran masu hali ma da suka ga ba a mutu ba suka riƙa aiko da tsofaffin rigunansu da rawuna, wasu har suna aiko da saƙon a yi su. Ranar wasa masu goge suna zuwa, matan Filani suna baje ƙorensu a jikin katangar aji, masaƙa suna rataye sabon aiki, mutane suna tahowa daga wasu unguwanni har da ƙetaren kogi. Jikokina yanzu suna kallon masu barkwanci a waya, kowa shi kaɗai yana dariya da tafin hannunsa, in na ba su wannan labari sai su ce ina bidiyon. Amma duk wannan daga baya ne. A ranar ni ba ta biki nake ba.

Na tuɓe rigar na ba Metir, wanda sai a lokacin ya gane abin da ya zura mini, yana ta share gumi. Baba ya riga ya kama hanya. Na bi shi a baya, rana ta yi ƙasa, hannuwansa a goye a bayansa, ko sau ɗaya bai waiwayo ba. Mutane suna yi masa barka a hanya yana amsawa da kai. Muka isa rumfa, na ga yadda ya bar ta, ƙyallaye a warwatse, rigunan mutane a buɗe. Ya zauna a wurin zamansa, ni na durƙusa nesa kaɗan.

Ya dubi rigunan da ke buɗe. Sannan ya ce, "Tun da na kama kulki ban taɓa ce wa mutum rigarka ta ɓace ba. Yau na faɗa." Da ya zage ni ko ya doke ni da ya fi mini sauƙi. Na fashe da kuka na ce ya yafe mini, na ce ko bai ce ba na san gobe gungume zan zauna. Ya ɗauki wani ƙyalle yana ninkewa a hankali.

Ya ce, "An ce kowa kana yi. Liman, jauro, malaminku."

Na ce, "E, Baba."

Ya ce, "Ni fa?"

Daga bayan zana na ji motsin Inna, ashe tana tsaye tana saurare.

Ya ce, "Yi ni in gani."

Na share hawaye na matsa gaban gungume. Na tanƙwashe ƙafa yadda yake yi, na haɗe gira, na ɗaga ƙyalle sama ina dubansa da ido ɗaya, na ja tsaki, na sosa bayan kunne da ƙotar kulki, na ce da muryarsa, "Wannan wankin, da ƙafa aka yi shi?" Inna ta kasa riƙewa, dariyarta ta fito fili. Na saci kallon Baba. Ya kau da kai gefe, gemunsa yana rawa, yana ta ƙoƙarin mai da abin tari. Da ya samu numfashi ya ɗaga murya ya ce wa zana, "Haka nake ɗaure fuska?" Inna ta ce, "Ai ya ma rage maka, Malam."

Ya goge ido da bayan hannu, ya jawo wata riga ya ninke ta da kyau, ya naɗe a farin ƙyalle ya ajiye a gabana. Ya ce, "Ta liman ce. Gobe ka biya ka kai masa kafin ka wuce lekol. A ka za ka ɗauke ta, ba a jiki ba."